Ku Yi Shiru, Za a Yi Labarai

Duk wanda ya yi wayo kafin zuwan wayar hannu ya san darajar batir. Ba a kunna rediyo haka kawai a bar shi yana ta zuba ba mai ji. Batir kuɗi ne, a ƙauye ma sai ranar kasuwa ake samunsa, don haka maigida yake tattalinsa. In ya fara sanyi, muryar mai labarai ta soma shaƙewa, sai a ciro shi a shanya a kan katanga ko rufin kwano, da fatan ya ƙara kai mu kwana biyu. Shi kansa rediyon yana da rigarsa ta fata ko ta yadi da aka ɗinka masa, yana da wurin ajiyarsa, kuma yaro bai isa ya taɓa shi ba sai an ce ya ɗauko.

Saboda haka sauraro yake da lokacinsa. Akwai na safe bayan an dawo daga masallaci, akwai na rana, sannan ga na dare wanda ya fi tara jama'a: Jamus ta fara bayan magariba, Landan ta biyo baya in an idar da isha'i, Amurka ta rufe. Tun 1957 da Aminu Abdullahi Malumfashi ya fara magana da Hausa daga Landan, iyayenmu suka saba da cewa duniya tana zuwa ƙofar gida a kan ƙa'ida. Muryar Jamus ta shigo a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Kaduna kuwa da aka buɗe a 1962 shi ne ɗan gida. Kamo tasha a gajeren zango kansa aiki ne. A ja eriya, a ɗaura mata siririyar waya a saƙala a jikin azara, a riƙa murɗawa a hankali cikin shuu da ƙara har muryar ta fito fes. Daga nan sai ka ji tsawar da dukanmu muka sani: "Kai, ku yi shiru, za a yi labarai!" Mai kuka ya haɗiye kukansa, mai daka ta jingine taɓarya.

Abin da aka ji a irin wannan zama yakan zauna. Tambayi dattijo inda yake ranar 13 ga Fabrairun 1976 da aka kashe Janar Murtala, zai gaya maka gindin bishiyar da yake, da wanda ke riƙe da rediyon, da wanda ya fara yin salati. Mutanen Maraɗi da Damagaram haka za su ba ka labarin Afrilun 1974 da sojoji suka hamɓarar da Diori Hamani. Kuma ba manyan labarai kaɗai ba, har amsar da aka ba wani mai tambaya a Amsoshin Takardunku za ka tarar wani ya riƙe ta shekara da shekaru.

Yau labari ba shi da lokaci. Yana shigowa muna cin tuwo, yana shigowa muna alwala, yana tashinmu cikin dare. Ba wanda ke cewa a yi shiru, domin ba a san inda ya fara ba balle a tsaya masa.

Amma kada son da muke wa jiya ya sa mu yi mata ƙari. Iyayenmu ba masu yin abu ɗaya tak a lokaci guda ba ne. Mun ga tela yana taka keke, rediyo na gefensa ana gaishe-gaishe a Zaɓi Sonka. Mun ga masu ɗinkin hula a zaure, allura na shiga tana fita, kunne na wajen wasan kwaikwayo. Iyayenmu mata sun yi tsintar shinkafa, sun yi kitso, sun ɓare gyaɗa, duk suna sauraro, kuma in ka tambaye su bayan an gama za su maimaita maka abin da aka ce ba tare da sun bar ko tsakuwa ɗaya a shinkafar ba. Manomi ya rataye nasa a reshe yana noma, makiyayi ya saɓa nasa a kafaɗa yana bin shanu, direban babbar mota ya sa kaset ɗin Shata tun daga Kano har ya gangara kudu. Haɗa aiki da sauraro tsohuwar al'adarmu ce.

Sai dai akwai wani abu da telan nan yake yi wanda muka manta. In aka kawo masa shadda mai tsada, ya shimfiɗa ta, ya ɗauki awo da alli, kafin almakashi ya taɓa yadin sai ya miƙa hannu ya rage muryar rediyo. In yaronsa ya yi magana ya ce masa, "Dakata tukuna in fitar da wuyan nan." Ɗan kasuwa in ya zo lissafin ciniki da yamma haka yake yi. Direban nan ma in ya doshi mugun kwana ko gada mai ƙunci, kaset yake fara kashewa. Ba wanda ya zaunar da su ya koya musu wannan. Sun dai san akwai aikin da hannu ya riga ya haddace, wanda zai iya tafiya shi kaɗai kunne na wani wuri, akwai kuma aikin da ke neman mutum ɗungurungum. Na farko ana haɗa shi da wani, na biyun ba a yi masa kishiya. Taura biyu ba ta taunuwa, in ji masu iya magana, amma ba su taɓa cewa kada a tauna taura ana tafiya ba.

A ganina wannan rarrabewa ita ce ta ɓace mana, ba natsuwa gaba ɗaya ba. Abin da muke haɗawa yanzu duka masu neman hankali ne. Muna karanta saƙo muna sauraron mai magana. Ana kallon fim a talabijin, kowa kuma da nasa ƙaramin fim ɗin a tafin hannu. Ɗalibi ya buɗe littafi, zauren WhatsApp na ajinsu yana ta tsiyayo saƙo a gefe, yana ganin karatu yake yi. Mai adaidaita sahu ya ɗauko mata da yara, hannu ɗaya a kan abin tuƙi, ɗaya yana lalubo lamba. Wannan na ƙarshen ba ɓata lokaci kawai ba ne, rayuka ne a hannunsa.

Masu nazarin ƙwaƙwalwa sun bi diddigin abin, kuma bayaninsu ya yi daidai da hannun telan nan da ke rage murya. Ƙwaƙwalwa ba ta yin ayyukan tunani biyu tare. Tsalle take yi daga wannan zuwa wancan, kuma kowane tsalle yana da kuɗinsa: sai ta sake nemo inda ta tsaya, wani sashe nata kuma ya maƙale a abin da ta baro. A 2009 Clifford Nass da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada ɗaliban da suka saba haɗa kafofi da yawa a lokaci guda da waɗanda ba su saba ba. Zaton da aka yi shi ne masu sabon za su fi gwaninta. Sai aka tarar su ne suka fi kasa kawar da kai daga abin da bai shafe su ba, har wajen sauya aikin ma an fi su. Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya kuwa ta daɗe tana auna tsawon lokacin da ma'aikaci ke yi a kan abu ɗaya a fuskar kwamfuta kafin ya tsallaka. A 2004 kimanin minti biyu da rabi ne. A awon da aka yi daga baya ya dawo daƙiƙa 47. A ofisoshin Amurka aka yi awon, amma duk mai waya a aljihu a Gusau ko Kumasi zai gane kansa a ciki.

Kada kuma mu ɗauka shiru ne maganin abin, domin wurin da yawancinmu muka fara koyon tattara hankali ya fi kasuwa ƙara. Ku tuna makarantar allo da yamma. Yara cike da zaure, kowa na rera nasa da iyakar muryarsa, wani yana ƙananan surori, wani ya yi nisa cikin izu. Baƙon da bai saba ba zai ce hayaniya ce kawai. Amma kowane yaro idonsa na kan allonsa, yatsansa na bin layi. Malam na gefe yana rubutu ko yana ɗinki, sai ka ji daga cikin wannan guguwa ya tsamo kuskuren yaro ɗaya: "Kai, koma baya!" Gardawan da suka ƙudurta hadda su ne ke ƙaurace wa gari su tafi kiskadi, su da alluna da 'yar bukka, don sun san wannan mataki ba ya son abokin tarayya. Ga mu ƙanana kuwa doka ɗaya ce: allo ɗaya gare ka, kuma ba za ka wanke shi ba sai ka biya malam ya gamsu. Halinmu da waya a yau kamar yaron da ke wanke allo ne kafin tawada ta bushe, ya rubuta wani, ya sake wankewa, har magariba ta yi bai riƙe ko layi ɗaya ba, ga shi kuma ya gaji.

Wani abin da jiya ke da shi shi ne ƙarshe. Kaka in ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," sai mun amsa "Ta zo mu ji ta" kafin ta ci gaba, wato mun ba da kunnenmu da yardarmu. In ta kai ƙurunƙus kuwa an gama, kowa ya nemi makwanci. Da talabijin ya zo ma bai karya wannan tsari ba. Ba ya buɗewa sai da yamma, in dare ya yi a sa taken ƙasa a rufe. Mun cika tsakar gidan maƙwabci, wasu ta taga suke leƙe, don mu ga Usman Baba Pategi a Samanja Mazan Fama, ko Ƙasimu Yero a Karambana, ko shari'ar Kuliya Manta Sabo. Ana gamawa sai wani mako. Wannan mako guda na jira ba asara ba ne. A cikinsa muke kwaikwayon muryar Samanja a hanyar makaranta, muke gardamar wanda ya fi gaskiya a shari'ar, muke ba wanda aka ɗauke wa wuta labarin abin da ya wuce shi. Shirin rabin awa ya ciyar da mu kwana bakwai.

Abin da ke hannunmu yanzu ba shi da ƙurunƙus, kuma da gangan aka yi shi haka. A 2006 wani injiniya Ba'amurke mai suna Aza Raskin ya fito da dabarar shafin da ba ya ƙarewa, kana ja yana ƙaro maka, daga baya shi da kansa ya fito ya nuna nadamarsa. Facebook da TikTok da 'yan'uwansu da talla suke cin abinci, tallar kuma tana tsada ne gwargwadon daɗewar idonka a wurin. Ina faɗin haka ne don kada mu yi ta ɗora wa 'ya'yanmu laifin rashin tarbiyya. Yaro ɗan shekara goma sha biyar yana kokawa ne da ƙwararrun da aka biya don su hana shi ajiye wayar. Mu da furfurarmu ma ba kullum muke kayar da su ba.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne wajen karatun addini. A watan azumi gidajenmu sun saurari tafsirin Sheikh Abubakar Gumi daga masallacin Sultan Bello ta Rediyon Kaduna, sun saurari na Sheikh Ɗahiru Bauchi, Kanawa kuma ba za su manta da Malam Isa Waziri ba. An yi saɓani a wancan zamani, mai zafi ma kuwa. Amma wanda zai yi gardama yakan zauna ya ji karatun tun daga jan baƙi har addu'ar rufewa, domin ya san in ya je majalisa da rabin magana za a kunyata shi. Yau sai a yanko minti ɗaya daga tsakiyar karatun awa biyu, a liƙa masa kanu mai tayar da hankali, kafin la'asar an raba gari biyu. Waɗanda suka fi zafi a kai galibi ba su ji abin da malamin ya faɗa kafin wurin ba, ba su ji na bayansa ba, minti ɗayan ma sun ji shi ne suna tsaka da wani abu.

Haka saƙon 'yan'uwa. Wa ya tuna kaset ɗin da alhazai ke dawowa da shi daga dangin da suka zauna a Makka ko Jidda, ko wanda ake aikowa daga Sudan? Ranar da ya iso, gida kaf ake taruwa. Mai maganar zai gaida kowa da sunansa, har jaririn da bai taɓa gani ba, tsohuwa na share hawaye da bakin mayafi tana amsawa kamar yana gabanta. A juya kaset, a sake juyawa, gobe a kai wa goggo ta ji, sannan a sayo sabo a zauna a naɗi amsa. Yanzu muryar ɗan'uwa na isowa cikin ƙiftawar ido, wannan ni'ima ce babba. Amma tun 2021 WhatsApp ya sa maɓallin da ke ninka saurin saƙon murya, kuma mun karɓe shi hannu bibbiyu. Muna jin muryar yayarmu tana gudu ninki biyu, muna neman inda buƙatar take don mu tsallake gaisuwar.

Ba mai hankalin da zai ce a koma baya. Kafin layukan GSM su zo Najeriya a 2001, in aka yi rasuwa sai an tashi mutum takanas ko a kai sanarwa gidan rediyo, wani ɗan sai bayan an yi bakwai yake jin mutuwar mahaifinsa. Yau manomi na jin farashin kasuwar Dawanau yana gonarsa. Matar aure na sayar da atamfa da turaren wuta daga ɗakinta, kuɗi na shigowa ba ta taka ƙofar gida ba. Ɗalibin da garinsu ba ɗakin karatu yana da littattafai cike da aljihu. In kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya. Abin da nake jin ciwonsa shi ne mun karɓi sabon kaya mun yar da tsohuwar ƙa'idar amfani da shi, alhali ƙa'idar ba ta tsufa ba.

Dubi yadda ake karɓar baƙo. A da in aka yi sallama, abu na farko da maigida ke yi shi ne ya kai hannu ya kashe rediyo, sannan ya gyara tabarma. In kuwa baƙon ya faɗo ana tsakiyar labarai, sai a yi masa nuni ya zauna, a ji tare, a gama, sannan a soma gaisuwa daga tushe: gida, iyali, gajiya, ruwa, kasuwa. Ko ta wace hanya aka bi, ba a raba mutum biyu. Yanzu kuwa kana gaya wa ɗan'uwanka damuwarka, kansa na sunkuye, yana cewa "Ina jin ka, ci gaba." Ya ji sautin, amma kai ka san ba ya tare da kai, sai ka taƙaita ka yi shiru. A zaman makoki ma muna ganin haka, a ɗaurin aure wayoyi sun fi hannayen addu'a yawa a sama, masallatanmu har sai da aka manna takarda a bango ana roƙon a kashe waya. Yaron da ya zo da gudu zai nuna wa babansa abin da ya zana, aka ce masa "To, madalla" ba a ɗago ba, ya koyi darasi a ranar, kuma shi zai maimaita mana in mun tsufa muna son a saurare mu.

Akwai dalilin da ya sa mai rediyo na da yake kasa kunne sosai, kuma ba tsadar batir kaɗai ba ce. Bashi ne a kansa. A unguwa mai yiwuwa mutum biyu ko uku ne ke da akwatin, da safe a teburin mai shayi ko a dakalin ƙofar gida za a tare shi: "Alhaji, jiya me Landan ta ce?" Dole ya kawo labarin da kansa da ƙafarsa, wa ya ce me, a wace ƙasa, me ya jawo. In ya karkace, ga wanda ya saurari Jamus zai gyara masa a gaban jama'a. In ya shiga gida uwargida ta tambaya, "Malam, wai me ake ciki ne?" ya sake bayarwa daidai fahimtarta. Mata ma haka suke yi da littattafan da ake haya a unguwa: wadda ta karanta na Balaraba Ramat Yakubu ko na Ado Ahmad Gidan Dabino za ta zauna ta feɗe wa waɗanda ba su iya karatun boko ba labarin daga farko har ƙarshe. Wanda ya san za a tambaye shi, da wani irin kunne yake sauraro. Yau mun sauke wannan bashi da danna maɓalli ɗaya. Muna tura abin da ba mu gama karantawa ba ga wanda shi ma ba zai gama ba, ba a tambaye mu ba, mu ma ba mu tambayi kowa ba.

Wannan tambaya ba ta buƙatar kuɗi ko doka, kuma har yanzu tana aiki. Na ga gidan da uba ba ya ƙwace wayar 'ya'yansa, ba ya yi musu faɗa a kanta. In an zauna cin abincin dare sai ya dubi ɗaya ya ce, "Auta, yau me ka kalla? Ba mu labari." Da fari yaron kan ce wani abin dariya ne, ya yi ƙoƙarin miƙo wayar a gani. Uban ya ce a'a, da bakinka. Sai ya fara, ya sarƙe, ya tarar cikin abubuwa masu yawa da suka wuce ta idonsa ba ko ɗaya da zai iya kaiwa ƙarshe. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi ya zo da labari guda cikakke, har da sunayen mutanen ciki, domin ya kalle shi yana sane da cewa da dare za a nema. Yayyensa suka shiga gyara masa, uwar ta shiga tambaya, har aka kai ga su ma yaran suna juyowa su ce, "Baba, kai fa me ka ji yau?" Uban kan kifa tasa wayar a kan tabarma tun kafin ya yi tambayar, kuma ba ya ɗaga ta sai mai ba da labari ya gama.